Tak-tak a injin tsohuwar bas: yadda wayar hannu ke taimakawa wajen raba ƙarar tafet da bugun inji

Duk wanda ya saba bin titin Gwarzo, tun daga Kabuga a birnin Kano, ya wuce sabuwar Jami'ar Bayero da Rimin Gado, ya ratsa ƙasar Kabo har ya dangana da Gwarzo, ya san motocin da ke riƙe da wannan hanya. Akwai tsofaffin HiAce, akwai Sharan da ake cika wa fasinja gaba da baya, akwai kuma J5 mai dakon buhunan masara da dawa. A mazaɓa irin Madadi, bas ɗaya kan ciyar da gidaje uku ko huɗu: na mai mota, na direba, na yaron mota, wani lokaci har da na bakaniken da ke kula da ita.

Shi ya sa ranar da injin ya fara wata 'yar ƙara, tak-tak-tak kamar keken ɗinki, hankalin mutane da yawa kan tashi. Ƙarar na iya zama ta tafet, wadda sau da yawa juyen baƙin mai ko seti kan kashe ta. Tana kuma iya zama farkon bugun metal, wanda idan aka ci gaba da lodi a kansa, ƙarshensa sai neman wani injin ɗan Kwatano a kasuwar Ƙofar Ruwa. Kuskure ta kowane ɓangare asara ne. Wani ya sa an sauke masa inji lafiyayye saboda tafet ɗaya, wani kuma ya ce ai tafet ne kawai, ya ci gaba da tafiya har injin ya buga a tsakiyar hanya. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, ribar haya ta ƙara sirancewa, babu mai motar da ke da rarar kuɗin da zai biya irin wannan kuskure.

Wayar da ke aljihun yaron mota ba ta gyara inji. Amma tana da makirufo, da kyamara mai rage gudun bidiyo, da allon da ke nuna sauti a zane. Waɗannan ukun sun isa su amsa tambayar da ta fi kowace muhimmanci kafin a kwance ko noti ɗaya: ƙarar daga sama take ko daga ƙasa?

Mene ne tafet, kuma me ke sa shi ƙara?

Kowace silinda tana da bawul na shigar iska da na fitar hayaƙi. Abin da ke buɗe su shi ne kamshaf, wani sandan ƙarfe mai ƙusoshi da ke juyawa yana danna su ɗaya bayan ɗaya, sifirin kuma ya mayar da su. Tafet shi ne ɗan ƙarfen da ke karɓar dannawar kamshaf ya miƙa ta ga bawul.

Ƙarfe yana buɗewa idan ya yi zafi, don haka dole a bar ɗan rata tsakanin waɗannan sassa. Ratar ba ta da yawa, daga milimita 0.1 zuwa 0.5 gwargwadon inji. Kaurin takardar rubutu ɗaya kusan milimita 0.1 ne, wato maganar kaurin takarda ɗaya zuwa biyar ake yi. Idan ratar ta wuce ƙima, maimakon a danna bawul a hankali, sai ƙarfe ya riƙa faɗa wa ƙarfe. Wannan shi ne tak-tak ɗin.

Hanya biyu masu ƙera inji suka bi da wannan rata. Ta farko, a bar wa bakanike ya riƙa auna ta yana daidaitawa lokaci-lokaci. Ta biyu, wadda ta fara bayyana a motocin Amurka tun shekarun 1930, ita ce a yi tafet mai daidaita kansa da baƙin mai. A cikinsa akwai ɗan ƙaramin fistin da wata 'yar ƙwallon ƙarfe da ke barin mai ya shiga amma ta hana shi komawa. Famfon baƙin mai ya turo mai, tafet ɗin ya cika ya miƙe, ratar ta rufe baki ɗaya. Muddin man yana da tsafta kuma yana zuwa da ƙarfi, ba a jin motsinsa. Da zarar datti ya toshe ƙaramar kafar da mai ke shiga, ko iska ta shiga maimakon mai, ko ƙwallon ta daina rufewa, sai tafet ɗin ya lotsa, ƙara ta fara.

A fara da sanin irin injin

Nan ne da yawa ke yin tuntuɓe, domin maganin nau'in farko ba ya yi wa na biyu aiki. Wanda ya zuba wa injin seti maganin wanke tafet ya zubar da kuɗinsa, wanda kuma ya je neman sukurun seti a injin da tafet ɗinsa na mai ne, ba zai same shi ba.

HiAce da aka yi daga 1989 zuwa 2004, wadda har yanzu ta cika tashoshin Kano, yawanci tana ɗauke da injin fetur 1RZ ko 2RZ, ko na dizal 3L ko 5L. Waɗannan ba su da tafet na mai. A kan kowane tafet akwai wani ɗan faifan ƙarfe mai kama da kwabo da ake kira shim, ana auna rata da fila gej, idan ta kauce sai a sauya shim da wani mai kaurin da ya dace. HiAce da ta biyo baya daga 2004, wadda aka fi sani da Hummer, idan mai injin fetur 2TR ce, tafet ɗinta na mai ne, ba a yi masa seti. Haka ma Sharan mai injin Volkswagen, ko na fetur 2.0 ko na dizal 1.9 TDI. Ita kuwa J5 mai fetur, injinta dangin na Fijo 504 ne, mai roka da sukuru da noti, wanda duk tsohon bakanike ke iya setawa da sifana da sukundireba.

Sai dai suna da shekarar mota ba su isa shaida ba, domin bas da ta shekara ashirin a kan hanya mai yiwuwa an sauya mata inji fiye da sau ɗaya. Lambar injin tana buge a jikin bulok ɗinsa. A goge wurin da tsumma, a haska fitilar waya daga gefe yadda inuwa za ta fito da haruffan, a ɗauki hoto, sannan a bincika lambar a intanet tare da littafin gyaran wannan inji. Mintuna biyar ɗin nan su ne ke nuna hanyar da sauran binciken zai bi.

Lissafin rabi

Dukkan waɗannan injuna masu zagaye huɗu ne: shaƙa, matsa, ƙonawa, fitarwa. Kafin silinda ta kammala waɗannan huɗun, kiranshaf da ke ƙasa ya juya sau biyu, kamshaf kuma sau ɗaya tak. Ma'ana kowane bawul yana buɗewa sau ɗaya ne a juyi biyu na inji, kuma tafet mai matsala yana ƙara ne a rabin gudun injin.

Ga misali. Inji yana silo a kan juyi 750 a minti. A raba 750 da 60, an sami juyi 12.5 a daƙiƙa ɗaya. Rabinsa 6.25. Tafet ɗaya zai yi tak sau shida da ɗan ɗori a kowace daƙiƙa, wato kusan sau 62 a daƙiƙa goma. Idan silon 900 ne, kiranshaf na yin 15 a daƙiƙa, tafet na yin 7.5. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a raba gudun inji da 120, amsar ita ce yawan bugun tafet ɗaya a daƙiƙa.

Kunnen ɗan Adam ba ya iya ƙirga bugu shida ko goma sha biyu a daƙiƙa cikin hayaniyar inji. Waya kuwa tana iya naɗe sautin ta shimfiɗa shi a allo, kowane bugu ya fito kamar tsini, a ƙirga da yatsa.

Dole a fahimci iyakar wannan lissafi. Idan ƙirgar ta nuna bugu ɗaya a kowane juyi, 12 ko 13 a daƙiƙa a misalin farko, to tafet ɗaya ba zai iya yin wannan ba, hankali ya koma ƙasan inji, sai fa idan tafet biyu ne ke ƙara bi da bi. Idan kuwa ta nuna rabi, tafet ya shiga sahun waɗanda ake zargi, amma ba shi kaɗai ba ne. Injekta, da yoyon hayaƙi a manifol, har ma da metal ɗin da ya fara ci wanda ya fi bugawa lokacin da silindarsa ta ƙona mai, duk suna iya zuwa a rabin gudu. Saboda haka ƙirga mataki ne na farko, sai an haɗa ta da wurin da ƙarar ke fitowa da irin muryarta.

Yadda ake gwajin da waya

Kafin komai, a kiyaye rai da yatsu. Injin HiAce yana ƙarƙashin kujerar gaba ne, idan aka ɗaga ta fanka da fanbel suna kusa da hannu ƙwarai. A cire babbar riga ko a naɗe hannun kaftani, a kawar da wayar iyafis daga duk abin da ke juyawa, giya tana fri, an ja burkin hannu, kuma a yi aikin a fili ba cikin rufaffen shago ba saboda hayaƙi.

Mataki na farko shi ne sanin gudun injin. Idan dashbod na da agogon juyi, an huta. Tsofaffin bas da yawa ba su da shi, ko ya daɗe da mutuwa. Sai a kashe inji, a yi alama da alli a jikin fulin kiranshaf, a tayar, a ɗauki bidiyo mai rage gudu. Wayoyin Tecno da Infinix da Samsung da dama suna ɗaukar hoto 120 ko 240 a daƙiƙa. A bi bidiyon hoto bayan hoto a ga nawa ake ɗauka kafin alamar ta dawo inda take. Idan a kan 240 aka ɗauka, aka ga alamar tana dawowa bayan hoto 19, to injin na yin kusan juyi 12.6 a daƙiƙa, wato kimanin 750 a minti.

Mataki na biyu, naɗar sauti. A yi amfani da manhajar naɗar sauti ta wayar, a zaɓi mafi ingancin tsari, a kashe duk wani zaɓi na tace hayaniya, domin abin da wayar ke ɗauka hayaniya shi ake nema. Daƙiƙa ashirin sun isa a kowane wuri. A naɗa sau uku: kusa da murfin bawul a sama, gefen bulok a tsakiya, da kusa da kaskon baƙin mai a ƙasa, tazarar waya da inji iri ɗaya. A yi wannan da sassafe inji na sanyi, a sake bayan ya yi zafi sosai.

Tsofaffin makanikai suna da dabarar ɗora bakin dogon sukundireba a jikin inji su kanga kunne a marikinsa. Ana iya haɗa wannan da waya: a ɗaure makirufon iyafis mai waya a jikin marikin da salatif, a riƙa ɗora bakin a wurare daban-daban ana naɗa. Ƙarfen zai kawo sautin wurin da ya taɓa, ya rage na fanka da salansa. Idan aka bi tsawon murfin bawul daga gaba zuwa baya, sau da yawa har silindar da abin yake ana ganewa.

Mataki na uku, duba zanen. Manhajoji irin su WaveEditor da Lexis Audio Editor a Play Store, ko Audacity a kwamfuta, suna buɗe fayil su nuna shi a zane. A zuƙo daƙiƙa biyu, a ƙirga tsinin da ke maimaituwa a tazara ɗaya, a raba biyu, a kwatanta da lissafin rabi. Manhajar Spectroid kuma tana nuna kaifin sauti kai tsaye. Ƙarar tafet siririya ce mai kaifi, takan fito a ɓangaren manyan lambobi. Bugun metal mai kauri ne, kamar ana buga ƙofar katako da dunƙulen hannu, ya fi taruwa a ɓangaren ƙananan lambobi.

Wanda zai tura wa bakanike sautin, kada ya naɗa da maɓallin saƙon murya na WhatsApp. An tsara shi ne don maganar mutum, yana matse sauti ya zubar da abin da ya ɗauka bai da amfani. A tura ainihin fayil ɗin ta hanyar da ake tura takardu, yadda zai isa kamar yadda aka naɗe shi.

Masu kwaikwayon tafet

Yoyon manifol shi ne kan gaba wajen ruɗa mutane. Idan gaskit ya ƙone ko noti ya karye, hayaƙi na fita da ɗan tsit-tsit mai kama da tafet. Alamarsa ita ce ya fi ƙarfi da sanyi, ya ragu idan ƙarfe ya yi zafi ya buɗe, ya ƙaru idan aka taka totur, kuma akan ga baƙin tabo a inda yake fita.

Injekta a injin fetur mai lantarki tana da nata tak-tak, kuma wannan lafiyarta ce. Idan aka ɗora sukundireba a kanta za a ji ƙarar ƙarara, duk huɗun da murya ɗaya.

Sarƙar taimin a injunan RZ da 2TR tana gaba ne. Idan ta saki, ƙararta ta karkaɗawa ce, ba ta da tsararren bugu irin na tafet, kuma ta fi fitowa a daƙiƙun farko bayan tayarwa. Fistin da ya yi sako-sako a silinda kan yi ƙwas-ƙwas da sanyi ya lafa da zafi.

Metal shi ne abin tsoro. Ƙararsa ta fi ƙarfi a naɗin ƙasa, tana ƙaruwa idan inji ya yi zafi mai ya tsinke, tana kuma fitowa sosai idan aka ɗan taka totur aka saki ko mota na hawa da kaya. A injin fetur bakanike kan kashe silinda ɗaya bayan ɗaya ta cire wayar filogi ko ta injekta. Idan ƙarar ta ragu ƙwarai da aka kashe wata silinda, zargi ya koma kan metal ko fistin ɗinta, domin tafet bai damu da ko silinda ta ƙona mai ko ba ta ƙona ba, zai ci gaba da ƙararsa. Wannan gwaji na bakanike ne, wutar filogi tana fizga. Duk lokacin da ƙara mai kauri ta haɗu da fitilar baƙin mai mai ƙyaftawa a silo, a kashe inji a nemo mai ja. Ba a gwada sa'a a nan.

Injin dizal kuwa da ma da ƙararsa ta asali yake, wadda kan binne ta tafet. A irinsa dabarar sukundireba da iyafis ta fi naɗa daga nesa amfani.

Ina amfanin ELM327 da manhajojin basira?

Matasa da yawa sun san 'yar na'urar ELM327 da ake soka wa mota a soket mai ƙafa 16, ta haɗu da waya ta Bluetooth, a karanta da manhaja irin Torque ko Car Scanner. Tsarin OBD2 da take amfani da shi ya zama dole a Amurka daga 1996, a Turai kuma daga 2001 ga motocin fetur, na dizal suka biyo baya a 2004. Sharan da ta fito daga Turai bayan waɗannan shekaru za ta amsa. HiAce mai kafireto ba ta da kwamfutar da za ta yi magana da ita.

Ko a motar da ta amsa, babu lambar matsala da ke cewa tafet na ƙara, domin babu na'urar da ke sauraron sa. Abin da za ta bayar biyu ne: ainihin gudun inji, wanda ya hutar da mutum daga alli da bidiyo, da lambobin P0301 zuwa P0304 da ke nuna silindar da ke tsallake wuta. Idan lambar ta nuna silinda ta uku, sukundireba ma ya nuna ƙarar a kan ta uku take, an sami shaidu biyu da suka yi daidai.

Batun manhajar da za ta saurari inji ta faɗi cutarsa kuwa ba tatsuniya ba ne. A 2020 kamfanin Skoda ya sanar da wata manhaja mai suna Sound Analyser da ma'aikatan garejinsa ke gwadawa, tana naɗar sauti ta kwatanta da na lafiyayyen inji. Amma sirrin irin wannan manhaja shi ne sautukan da aka koyar da ita da su, kuma na motocin kamfanin ne. Ba ta taɓa jin 2RZ da ya shekara ashirin yana shan ƙurar hunturu, da salansar da aka yi wa walda sau uku ba. Darasin da ke ciki shi ne na kwatance: mai bas ya naɗi sautin injinsa ranar da yake lafiya, bayan juye, ya ajiye da kwanan wata. Ranar da ƙara ta zo, yana da abin da zai auna ta da shi.

Idan an tabbatar daga sama take

Ga injin seti, magana ta ƙare a fila gej. A auna kowane bawul a yanayin da littafin ya ce, yawanci inji na sanyi, a rubuta lambobin a waya. Mai sukuru a daidaita, mai shim a nemo shim da ya dace. A guji goge shim a dutsen wasa don rage kaurinsa, fatarsa ta waje ce mai tauri, idan ta tafi sai ya riƙa cinyewa har ya ci kamshaf.

Ga tafet na mai, tambayar farko ba tafet ba ce, mai ne. A zaro gej a wuri mai daidai. Idan man ya yi ƙasa, famfo na zuƙo iska. Idan ya wuce alama, kiranshaf na kaɗa shi ya yi kumfa, kumfar kuma iska ce da ke shiga tafet ta hana shi tauri. Ƙarar daƙiƙa biyu ko uku bayan mota ta kwana ba abin damuwa ba ce, musamman a sanyin Disamba da Janairu lokacin da mai kauri irin 20W-50 ke jinkirin hawa sama. Idan tana yin haka kullum tana daɗewa, a zargi filta: mai kyau tana da ɗan bawul da ke hana mai zurarewa ƙasa idan an kashe inji, ta jabu kuwa sau da yawa ba ta riƙewa. Littafin gyara na Volkswagen ya ba da gwaji mai sauƙi: a bar inji ya yi zafi, a riƙe shi a kan juyi 2,500 na minti biyu. Idan ƙarar ta tafi, iska ce ta fita. Idan tana nan, sai a buɗe murfi a nemo tafet ɗin da ya lotsa.

Kafin a sayi sabon tafet, a sa bakanike ya ɗaura agogon awon ƙarfin mai a gurbin suwic ɗin fitila. Fitilar dashbod ba ta kamawa sai ƙarfin ya kusa ƙarewa, don haka rashin kamawarta ba shaidar lafiya ba ce. Ƙa'idar da makanikai suka saba bi ita ce aƙalla psi 10 ga kowane juyi 1,000, inji na da zafi, amma lambar littafin injin ita ce hukunci. Tafet suna can nesa da famfo, su ne kan fara kuka idan ƙarfi ya ragu. A irin wannan hali ƙararsu saƙo ce daga rariyar famfo da ta toshe, ko famfon da ya gaji, ko metal da ya buɗe, kuma sabon tafet ba zai yi shiru ba.

Abubuwa uku da aka saba yi a garejin yankin suna ciyar da wannan matsala. Na ɗaya, baƙin mai na awo da ake ɗurowa daga durom ba a san asalinsa ba, wanda hukumar SON ta sha gargaɗi a kan irinsa. Na biyu, cire tamostat da sunan ƙasarmu akwai zafi, abin da ke sa inji ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, mai ya riƙa yin dagwalo. Na uku, lafta gam a wurin gaskit, rarar ta ɓalle ta je ta zauna a rariyar famfo. Wanke tsohon inji da kananzir ko dizal ma yana da haɗarinsa, domin dattin da ya ɓamɓaro lokaci ɗaya rariyar nan zai nufa. Juye biyu a kusa da juna da mai mai kyau da filta ta gaskiya ya fi aminci.

Sai lokacin juye. A hanya mai ƙura da lodi mai nauyi, kilomita 5,000 ita ce iyakar da aka saba bi. Daga Kano zuwa Gwarzo kimanin kilomita 70 ne. Bas da ke sawu biyu a rana, zuwa da dawowa, tana cin kilomita 280, wato za ta cika 5,000 cikin kwana 18. Direban da ke jiran wata biyu ya ninka iyakar fiye da sau uku bai sani ba, musamman idan agogon kilomita ya mutu. Tunatarwa ɗaya a kalandar waya ta magance wannan.

Shiru ma yana da nasa haɗarin

A injin seti, bawul mai ɗan ƙara ya fi wanda ya yi tsit lafiya. Idan rata ta rufe gaba ɗaya, bawul ba ya zama daram a mazauninsa, ba ya samun sauke zafinsa, sai ya ƙone. Wanda ya matsa wa bakanike ya ɗaure tafet har ƙara ta ɗauke ɗif, ya sayi shiru da kuɗin aikin tof silinda.

Wannan ya ƙara muhimmanci yanzu da ake mayar da motocin haya kan iskar gas ta CNG, ƙarƙashin shirin da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023. Gas busasshe ne, a injin da ba don shi aka ƙera ba mazaunin bawul na iya cinyewa da sauri, bawul ya nutse, rata ta ragu. Mai HiAce 1RZ ko 2RZ da ya koma gas ya kamata ya riƙa auna rata fiye da da, ko da bai ji komai ba. Alamar da zai lura da ita ita ce silo mai rawa da wahalar tashi, ba ƙara ba.

Abin da za a je gareji da shi

Matashin da ya bi waɗannan matakai zai isa wurin bakanike da hoton lambar inji, da sauti shida na sama da tsakiya da ƙasa a sanyi da zafi, da ƙirgar bugu a daƙiƙa, da ranar juyen ƙarshe. Ba don ya koya wa oga aikinsa ba, kunnen da ya shekara talatin yana sauraron inji ya fi kowace manhaja. Amfaninsa shi ne a fara daga abu mai sauƙi zuwa mai tsada: gej, filta, agogon ƙarfin mai, murfin bawul, sannan ƙasan inji idan shaida ta kai can. Idan aka ce a sauke inji alhali ba a auna ƙarfin mai ba, mai mota yana da hujjar cewa a dakata a auna tukuna. Idan kuma naɗin ƙasa ne ya fi ƙarfi kuma muryar mai kauri ce, yana da hujjar hana direba ɗaukar lodin gobe, ko da ranar kasuwa ce.